Shekara uku ina shuka iri ban girba ba: bangaskiyata ce ta gaza?

Tambaya: Malam, a ikilisiyarmu ana koya mana cewa talauci da ciwo la'ana ce, kuma duk wanda ya shuka irin kuɗi da bangaskiya zai girbi riɓi ɗari. Shekara uku ke nan ina shukawa, har kuɗin makarantar yarana na taɓa ɗauka na bayar, amma har yau maigidana bai sami aiki ba. Da na kai kuka sai aka ce akwai shakka a zuciyata. Yayana kuwa, da yake wata ikilisiya dabam, ya ce duk damfara ce, rabon Kirista yana sama ba a duniya ba. Mun yi musu har gaisuwa ta fara yi mana wuya. Shin Allah ba ya son 'ya'yansa su wadata ne? In yana so, me ya sa ni nake jin shiru?

Amsa:

'Yar'uwa, sannu da haƙuri. Bari in fara sauke miki kayan da ya fi nauyi kafin mu shiga dogon zance. Rashin aikin maigidanki ba shaida ba ce cewa bangaskiyarki ta gaza. Wanda ya ce miki akwai shakka a zuciyarki ya faɗi abin da bai gani ba, don ba a ba ɗan'adam ma'aunin auna zuciya ba. Matar da ta ɗauki kuɗin makarantar 'ya'yanta ta bayar saboda an ce mata Allah ne yake nema, ko me za a ce ta rasa, ba a ce ta rasa bangaskiya ba. Abin dubawa shi ne a kan me aka ɗora mata bangaskiyar.

Na daɗe ina koyar da Sabon Alkawari ga masu shirin aikin fasto, kuma da wuya shekara ta wuce wannan musun bai tashi a aji ba. Wannan ya ce Allah yana sa albarka, wancan ya ce Kirista zai sha wahala, kowa ya jero ayoyinsa, a tashi baram-baram. Alhali babu mai karatun Littafi Mai Tsarki da zai musa cewa Allah yana ba da dukiya da lafiya. Farawa 13:2 ta ce Ibrahim mai arziki ne ƙwarai, da dabbobi da azurfa da zinariya. Ishaku ya yi shuka a lokacin yunwa ya girbi riɓi ɗari. Musa ya gaya wa Isra'ilawa cewa Allah ne yake ba su ikon samun dukiya. Yesu ya warkar da marasa lafiya, ya ciyar da mutum dubu biyar, ya kuma koya mana mu roƙi abincin yini. To ba a nan gizo yake saƙa ba. Inda aka rabu shi ne a kan kalma ɗaya tak, wato "dole". Albarkar nan kyauta ce da Uba yake bayarwa yadda ya ga dama, ko kuwa bashi ne da ya hau kansa tun ranar da kika saka ambulan a akwatin baiko? Bisharar wadata, wato koyarwar nan da ake yi muku, in aka tuɓe mata ado, cewa take yi bashi ne: Yesu ya riga ya biya kuɗin lafiyarki da arzikinki a kan gicciye, saura ki furta, ki shuka, ki karɓa. In ba ki karɓa ba kuwa, ai an riga an san mai laifi.

Koyarwar ba tsohuwa ba ce kamar yadda ake zato, kuma an san gidan da ta fito. A 1947 wani matashin fasto ɗan Fentikos a jihar Oklahoma ta Amurka, Oral Roberts, ya ce ya buɗe Littafi idonsa ya faɗa kan 3 Yahaya aya ta 2, inda aka yi fatan mutum ya wadata cikin kowane abu, ya kuma zauna lafiya. A kan ayar nan ya gina wa'azinsa. Shi ne ya yaɗa maganar shuka iri ta rediyo da talabijin, ya kuma rubuta littafi a kanta a 1970. A gefe guda akwai Kenneth Hagin, wanda ya ɗebo abubuwa da yawa daga rubuce-rubucen E. W. Kenyon da ya rasu a 1948. Hagin ya koyar cewa abin da bakin mai bi ya furta shi zai samu, in ya furta lafiya ya sami lafiya, in ya furta ciwo ya jawo wa kansa. Hagin ya buɗe makarantarsa ta Rhema a 1974 a yankin Tulsa, garin da Roberts ya kafa jami'arsa. Igiyoyin nan biyu, shuka iri da furcin baki, da aka tufka su wuri ɗaya, su ne abin da kike ji ranar Lahadi.

Daga can ta bazu. A Koriya ta Kudu, David Yonggi Cho ya yi wa'azin albarka uku daga wannan aya ta 3 Yahaya, ikilisiyarsa ta zama mafi yawan jama'a a duniya. A Najeriya, Benson Idahosa na Benin, wanda ya yi ɗan karatu a Dallas a 1971, shi ya buɗe babbar ƙofar, waɗanda suka taso a ƙarƙashinsa suka kai ta ƙasashe da dama. Ta kuma faɗo a kan gaɓa, don a shekarun 1980 tattalin arzikin ƙasashe da yawa ya karye, kuɗi ya rasa daraja, masu digiri suna zaman banza, asibiti ba magani. Da cibiyar bincike ta Pew ta tambayi 'yan Fentikos a 2006, kusan tara cikin goma a Najeriya da Kenya da Afirka ta Kudu sun yarda cewa Allah zai ba duk mai cikakkiyar bangaskiya wadatar dukiya.

Ba zan zauna in ce duk waɗannan miliyoyin ba su da wayo ba. Akwai abin da suka ji a can da ba su ji a tsofaffin ikilisiyoyi ba. Mutum ya zo da yunwa da ciwon ɗa, aka ce masa ya yi haƙuri, lada yana sama. Can kuwa aka kalle shi aka ce Allah ya san sunanka, ya damu da kuɗin hayarka, tashi ka kama sana'a. Na ga gidajen da wannan magana ta ɗaga. Maigida ya bar giya da caca, albashinsa ya fara kwana a gida, yara suka koma makaranta. Sai dai ki lura, abin da ya ɗaga gidan shi ne tuba da canjin hali da kama aiki. In an zo ba da shaida kuma, sai a ba ambulan ladan.

Yanzu mu buɗe ayoyin da aka fi karanta muku, mu karanta su tare da maƙwabtansu. Yawancin rikicin nan yana warwarewa ne in mutum ya yarda ya karanta aya biyar kafin ayar da aya biyar bayanta.

3 Yahaya 2 gaisuwar wasiƙa ce. Dattijo ne yake rubuta wa abokinsa Gayus, ya buɗe da abin da mu ma muke buɗe wasiƙa da shi: bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya, al'amura kuma suna tafiya daidai. Wasiƙun Helenanci na wancan zamani haka ake fara su, na Kirista da na wanda ba Kirista ba. Kalmar da ake fassarawa da "wadata" a nan tana ɗauke da ma'anar samun hanya mai kyau, kamar mu ce Allah ya kiyaye hanya. Ita ce Bulus ya yi amfani da ita a Romawa 1:10 da yake roƙon Allah ya buɗe masa hanyar zuwa Roma. Ya je kuwa, amma a ɗaure, bayan jirginsu ya farfashe a teku. Fatan alheri ne na aboki ga aboki. Wanda ya mai da shi takardar yarjejeniya tsakanin Allah da kowane mai bi ya ɗora wa ayar kayan da ba nata ba.

Riɓi ɗari kuma daga Markus 10:29-30 aka ɗauko shi. Ki buɗe ki gani da idonki. Yesu yana magana ne a kan wanda ya bar gida ko 'yan'uwa ko iyaye ko gonaki saboda shi da bishara, ba wanda ya kai kuɗi gaban bagade ba. Abin da ya ce zai samu riɓi ɗari ya haɗa da uwaye da 'yan'uwa maza da mata. Waye ya taɓa samun uwa ɗari ta haihuwa? Iyalin ikilisiya ake nufi, wato wanda danginsa suka kore shi saboda Almasihu zai tarar da ƙofofi ɗari a buɗe. Sannan a tsakiyar jerin akwai kalmomin da ban taɓa jin an ɗaga murya a kansu lokacin baiko ba: tare da tsanani. Ko lissafin ma ba ya tsayawa. Wanda ya shuka ɗaya ya sami ɗari, ya sake shuka ɗarin ya sami dubu goma, a zagaye na biyar ya kai biliyan goma. Da haka abin yake, da tuni babu sauran bashi a kan kowace ƙasa da ke da Kirista goma masu bangaskiya.

Luka 6:38, "ku bayar za a ba ku", tana biye ne da kada ku yanke hukunci, kada ku kayar, ku yafe. Zancen mudun da kike auna wa mutane jinƙai ne. Malakai 3:10 kuwa da al'ummar Isra'ila ake magana, a kan zakkar amfanin gona da ake kaiwa rumbun Haikali domin Lawiyawa, waɗanda ba a ba su gādon ƙasa ba. A Maimaitawar Shari'a 14:28-29 ma, zakkar shekara ta uku ajiye ta ake yi a gari domin Balawe da baƙo da maraya da gwauruwa su ci su ƙoshi. Ma'ana, a tsarin Musa mai rauni yana cikin masu cin zakka.

Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce 2 Korantiyawa sura 8 da 9, kuma ya kamata a ba su haƙƙinsu. Bulus da kansa ya ce mai ƙwauron shuka zai yi ƙwauron girbi, mai shuka a yalwace zai girba a yalwace. Kalmar shuka ba Oral Roberts ya ƙirƙiro ta ba. Amma ki tambayi surorin nan tambaya uku: wa ya bayar, wa aka ba, me aka ce zai biyo baya? Gudunmawa ce ake tarawa domin matalautan masu bi na Urushalima, ko sisi ba na aljihun Bulus ba ne. Har ya sa ikilisiyoyi suka zaɓi mutanen da za su raka kuɗin, don kada wani ya sami abin zargi. Mutanen Makidoniya da ya yaba, ya ce sun bayar ne suna cikin matsanancin talauci da tsananin wahala, kuma bai ƙara da cewa bayan wata uku sun zama attajirai ba. Ya ce ana karɓar baiko gwargwadon abin da mutum yake da shi, ba abin da ba shi da shi ba. Ya ce ba nufinsa a sauƙaƙa wa wasu a ƙuntata muku ba, sai dai a daidaita. Ya ce kada a bayar da ɓacin rai ko a kan tilas. Girbin da ya yi alkawari kuwa shi ne ku sami abin da zai ishe ku, har ku iya yin kowane aikin alheri. A nan ruwa daga tudu yake gangarowa kwari, daga mai shi zuwa marar shi. Duk inda kika ga ruwan yana hawa tudu, daga hannun gwauruwa zuwa gidan wanda ya fi kowa a ikilisiya, to ko da kalmomin Bulus ake amfani, ba tsarin Bulus ake bi ba.

An taɓa gayyatata wani babban taron farkawa, na zauna can baya. Bayan wa'azi na kusan awa biyu, mai kiɗa ya sassauta sauti, mai wa'azi ya rufe ido ya ce an nuna masa mutum goma da za su shuka wani adadi mai nauyi, kuma ƙofar za ta rufe cikin minti biyar. Bakwai suka fito, ya ɗora musu hannu ɗaya bayan ɗaya, ya ɗauki lokaci a kan kowa. Sai ya rage adadin, wajen hamsin suka fito, aka yi musu addu'a a jimla. Haka aka yi ta sauka kamar ana ciniki, har aka zo kan "duk abin da ke hannunka". Kusa da ni wata dattijuwa ta juye jakarta a cinya, ta ƙirga sau biyu, ta ware kuɗin mota gefe. Ta daɗe tana kallonsu, sannan ta haɗa har da su. Irinta ba a kira su gaba ba, an ce su ɗaga ambulan sama daga inda suke. Da aka tashi na gan ta a bakin titi ta kama hanya da ƙafa, na tsaya na rage mata hanya. Tana shiga ta ce, "Ka gani ko, ɗana? Tun yanzu an fara amsawa." Na rasa abin da zan ce mata. Bangaskiyarta ta fi tawa, wannan ban yi shakka ba. Amma hanyar gida duka ina tuna cewa labarin gwauruwar da ta saka anini biyu, a Markus 12, yana biye ne kai tsaye da gargaɗin Yesu a kan malaman da suke cinye gidajen gwauraye suna fakewa da doguwar addu'a. Na kuma tuna amsar da Bitrus ya ba Siman mai sihiri a Ayyukan Manzanni 8, cewa kuɗinsa su hallaka tare da shi, tun da ya zaci baiwar Allah da kuɗi ake sayenta.

Ba ina cewa kowane mai wannan wa'azi ɓarawo ne ba. Da yawansu da zuciya ɗaya suke yi, haka aka koya musu, su ma suna shuka nasu irin ga na sama da su. Amma koyarwa ana auna ta ne da abin da take gaya wa wanda bai samu ba. A nan ne bisharar wadata take da rauni mafi girma, don an gina ta yadda ba za ta taɓa faɗuwa ba. In kin samu, koyarwar ta yi aiki. In ba ki samu ba, ke ce kika yi shakka, ko irin ya yi kaɗan, ko akwai la'anar kakanni da sai an sake shuka kafin a karya ta. Ranar shaida kuma mutum biyar ake ba makirufo. Sauran ɗaruruwan da suka shuka ba su girba ba suna zaune suna tafi, kowa yana zaton shi kaɗai ne.

Wannan tunanin tsoho ne, kuma akwai littafi guda sukutum da aka rubuta don a rushe shi. A surar farko ta littafin Ayuba, wanda ya fara cewa ibada ciniki ce shi ne Shaiɗan. Shi ya tambaya ko a banza Ayuba yake tsoron Allah, ai don ka kewaye shi da shinge ne, ka taɓa dukiyarsa ka gani. Abokan Ayuba uku suka zo da ɗaya gefen wannan tunanin: tun da ka rasa, akwai abin da ka yi. Sura bayan sura suna matsa masa ya fito da laifin da ya ɓoye, kamar dai yadda aka matsa miki. A Ayuba 42:7 Allah ya ce wa Elifaz, ɗaya daga cikin abokan, ya husata da shi da abokansa biyu, don ba su faɗi gaskiya a kansa ba. Masu bisharar wadata suna son su ruga zuwa ƙarshen littafin inda aka ninka wa Ayuba dukiya. Gaskiya ne an ninka, amma ba iri ya shuka ba, kuma sai bayan da aka tabbatar yana bauta wa Allah ko babu komai. Da almajirai suka ga mutumin da aka haifa makaho suka tambaya laifin wa, nasa ko na iyayensa, Yesu ya ce ba na ko ɗayansu ba. Da aka yi zancen mutum goma sha takwas da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa, ya ce ba su fi sauran mutanen Urushalima laifi ba. Asaf a Zabura 73 ya ce ƙafarsa ta kusa zamewa da ya ga mugaye suna ƙiba suna ƙara dukiya, shi kuwa kowace safiya da tata wahalar. In dukiya ce shaidar yardar Allah, to me za mu ce da azzalumin da ya fi kowa kuɗi?

Ibraniyawa 11 ma rabi ake karanta mana. Ta wurin bangaskiya wasu suka ci mulkoki, suka rufe bakin zakoki, suka tsere wa kaifin takobi. Ba a sauya numfashi ba aka ci gaba: wasu aka jejjefe su, aka tsaga su da zarto, aka kashe su da takobi, suna yawo cikin fatun tumaki da na awaki, matalauta, ƙuntatattu. Sai aka rufe da cewa dukansu an yi musu kyakkyawar shaida saboda bangaskiyarsu. Wanda ya tsere wa takobi da wanda takobi ya ci, layi ɗaya aka sa su.

Ta ɓangaren lafiya abin ya fi ba ni tsoro, don kuɗi ana iya maido su. Na taɓa zuwa duba wani dattijo mai hawan jini. Ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ba ya shiga, na ce ya jiki, ya ce, "Na warke cikin sunan Yesu." Matarsa ta ja ni gefe ta buɗe mini aljihun tebur, ga magungunan wata biyu ko ɓare su ba a yi ba. An gaya masa shan magani furta ciwo ne. Mun yi addu'a tare, na buɗe masa inda Bulus ya ce ya bar Tarofimas a Militas ba shi da lafiya, da inda ya ba Timoti shawarar abin da zai sha saboda cikinsa da yawan laulayinsa, da inda shi kansa ya roƙa sau uku a cire masa ƙaya daga jiki aka ce masa alherina ya ishe ka. Bulus ke nan, mutumin da aka ta da matacce ta hannunsa. Dattijon ya yi shiru, can ya ce a ba shi ruwa.

Za a ce miki masu sukar nan 'yan ikilisiyoyin da suka yi sanyi ne, hassada ke damunsu. Tarihi bai nuna haka ba. Gordon Fee, malamin Sabon Alkawari da ya rubuta ɗan littafi mai zafi a kan wannan koyarwa a 1979, ɗan Fentikos ne mai gaskata warkarwa. Ikilisiyar Assemblies of God ta Amurka ta fitar da matsayarta a 1980 tana gargaɗi a kan koyarwar furcin baki. Jim Bakker, wanda ya yi tashe a talabijin da wannan wa'azi, an same shi da laifin zamba a 1989. A kurkuku ya zauna ya karanta maganganun Yesu a kan kuɗi a tsanake, da ya fito ya rubuta littafi a 1996 yana cewa ya yi kuskure. Hagin da kansa, kafin ya rasu a 2003, ya rubuta littafi a 2000 yana tsawata wa masu binsa, ya kuma ƙi yarda a mai da riɓi ɗari lissafin kuɗi. A 2019 Benny Hinn ya tsaya gaban jama'a ya ce sa wa bishara farashi ɓata wa Ruhu Mai Tsarki rai ne. Malaman tauhidi na Afirka da suka zauna a Akropong ta Gana a 2008 da 2009, da babban taron ƙungiyar yaɗa bishara ta duniya mai suna Lausanne da aka yi a Cape Town a 2010 da wakilai sama da 4,000 daga ƙasashe 198, duk sun tsaya a wuri ɗaya: Allah yana mu'ujiza, yana azurtawa, amma ba a auna ruhaniyar mutum da dukiyarsa, kuma ba a sayen albarka.

Sai yayanki. Ya ga ramin da kika faɗa, amma ina jin tsoron ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago. Talauci ba tsarki ba ne, kuma babu inda aka ce Kirista ya so shi. Agur a Karin Magana 30 ya roƙa kada a ba shi talauci kada kuma a ba shi dukiya, sai abin da zai ishe shi, don kada ya ƙoshi ya musanta Allah, kada kuma ya rasa ya yi sata. Mata masu hali ne suka riƙa ɗaukar nauyin Yesu da almajiransa daga dukiyarsu, kamar yadda Luka 8 ta nuna. Yusufu na Arimatiya attajiri ne, Lidiya 'yar kasuwa ce. Bulus bai ce wa masu arziki su zubar ba, cewa ya yi kada su yi girman kai, kada su dogara da dukiya marar tabbas, su zama masu hannun kyauta, ya kuma ƙara da cewa Allah yana ba mu kome a yalwace don mu ji daɗinsa. John Wesley a ƙarni na 18 ya koya wa mutanensa su nemi iyakar abin da za su iya ta hanyar halal, su tattala iyakar iyawarsu, su bayar iyakar iyawarsu. Saboda haka ki roƙa wa maigidanki aiki da ƙarfin zuciya, ki roƙa kullum, babu kunya a ciki. 'Ya tana roƙon ubanta, ba sai ta biya kuɗin shiga ba.

Akwai kuma abin da ku biyun kuka bari a ƙasa. Littafi Mai Tsarki ya san talauci yana da iyaye da yawa. Akwai ragwanci, gaskiya ne. Akwai kuma fari da ciwo da yaƙi. Karin Magana 13:23 ta ce gonar matalauci tana ba da abinci mai yawa, rashin adalci ne yake kwashewa. Yakubu 5:4 ta ce haƙƙin ma'aikatan da aka danne yana kuka har ya kai kunnen Ubangiji. Koyarwar da ta mai da kowane rashi matsalar bangaskiyar mutum ɗaya ta wanke mai danne albashi da mai wawure dukiyar jama'a, har ta ba su kujerar gaba in sun kawo iri mai nauyi. Koyarwar da ta ce a jira sama kawai ita ma ta bar su suna cin karensu ba babbaka.

Kin tambaya me ya sa kike jin shiru. Ayuba ma ya yi wannan tambayar, kuma har littafin ya ƙare ba a gaya masa dalili ba, Allah da kansa ne ya zo masa. Bulus ya rubuta daga kurkuku cewa ya koyi zama a ƙoshi da yunwa, a yalwa da rashi, kuma a nan ne ayar nan ta "zan iya yin kome ta wurin mai ƙarfafa ni" take zaune. Koya ya ce ya yi, ba a dare ɗaya ba.

Ba zan ce miki ki bar ikilisiyarki ko ki zauna ba, ban san mutanen ba, ke kika san su. Amma ki sa ido a kan wasu abubuwa. In mai bi ya shiga matsala, ana kai masa taimako ne ko ana miƙa masa sabon ambulan? Akwai wanda yake karanta wa jama'a yadda aka kashe baiko? An taɓa yin wa'azin gicciye da tuba aka tashi ba a ambaci iri ba? In kika tambayi fasto a kan Markus 10:30 cikin ladabi, zai buɗe Littafi ya zauna da ke, ko zai ce kada ki taɓa shafaffe na Ubangiji? Ki ci gaba da bayarwa gwargwadon hali, da farin ciki, don bayarwa ibada ce. Amma kuɗin makarantar yara ba iri ba ne. A Markus 7 Yesu ya tsawata wa masu ɗaukar abin da ya kamata su taimaki iyayensu da shi su ce sun keɓe wa Allah, Bulus kuma ya ce wa Timoti duk wanda bai kula da mutanen gidansa ba ya musanta bangaskiya. In kuɗin zangon nan suna hannunki, ki kai makaranta gobe da safe, ki karɓi rasit. In kin dawo ki kira yayanki ki gaishe shi, ki tambaye shi ko ya ji labarin inda ake neman ma'aikaci.